Bushewar Baki da Dare ga Masu Shan Maganin Zuciya da na Hawan Jini

  Hirarmu ta yau daga nan Yamai ta shafi wata matsala wadda mutane da yawa suke fama da ita, amma kaɗan ne suke faɗa wa likita, don suna ganin ba ta isa a yi maganarta ba. Matsalar kuwa ita ce bushewar baki da dare ga masu shan maganin zuciya ko na hawan jini, wanda muka fi sani da tansiyo.

Bari mu fara da misali. A ce ga wani dattijo a unguwar Bukoki. An auna shi a asibiti, an tarar jininsa ya wuce 14 bisa 9, ƙafafunsa kuma sun fara kumbura. Likita ya rubuta masa ƙwayoyi iri biyu. Bayan mako guda kumburi ya saɓe, numfashi ya daidaita, ya ji daɗin jikinsa. Amma sai ga wani sabon abu. Kowane dare wajen ƙarfe biyu sai ya farka, harshe ya manne da ganɗa, maƙogwaro kamar an zuba masa toka. Ya sha ruwa ya kwanta, kafin asuba ya sake farkawa. Da abin ya ishe shi sai ya ce a ransa, wannan magani ya fi ƙarfina. Ya jefa kwalin cikin aljihun tebur, bai gaya wa kowa ba.

To, jama'a, dattijon nan bai yi ƙarya ba. Bakinsa ya bushe da gaske, kuma mai yiwuwa ne maganin ne ya jawo. Kuskurensa ɗaya ne, ya yanke hukunci shi kaɗai. Bushewar baki tana da dabaru da yawa na magance ta. Shanyewar ɓarin jiki kuwa, wadda barin maganin tansiyo yake iya jawowa, ba kullum take da gyara ba.

Amfanin miyau

Kafin mu gane dalilin bushewar baki, sai mun san miyau, wato yawu. Miyau yana fitowa daga wasu maɓuɓɓugai manya guda shida, uku a kowane gefe na fuska. Biyu suna gaban kunne, su ne suke kumbura idan yaro ya kamu da hangum. Biyu suna ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu kuma ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana a cikin leɓe da kumatu da ganɗa. A yini ɗaya mutum mai lafiya yakan fid da miyau daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi, yana haɗiyewa bai sani ba.

Miyau ne yake jiƙa lomar tuwo ta wuce maƙogwaro. Shi yake narkar da gishiri da zaƙi har harshe ya ji ɗanɗano. Shi yake sa harshe ya yi motsi a yi magana. Yana wanke sauran abinci daga tsakanin haƙora, yana kashe kaifin tsamin da ke cin haƙori, kuma a cikinsa akwai abubuwan da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta.

Ga abin da ya kamata ku riƙe. Idan mutum ya yi barci, maɓuɓɓugan nan su ma hutawa suke yi, miyau ya ragu ƙwarai da gaske. Haka Allah ya yi kowa, shi ya sa ko yaro yakan tashi da safe da ɗan warin baki. Ke nan da dare rijiyar ta riga ta ja baya. Idan magani ya zo ya ƙara rage ɗan abin da ya saura, sai a kai ga ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum yake jure abin da rana, amma da dare ya hana shi barci.

Yadda magani yake busar da baki

Magungunan da ke iya busar da baki sun kai ɗaruruwa. A cikin na zuciya da na tansiyo, za mu ambaci kashi huɗu. Duk wanda yake da kwalin maganinsa kusa, ya ɗauko ya duba sunan, ko ya ba ɗalibin da ya iya karatu ya duba masa.

Kashi na farko su ne masu sa fitsari. Akwai furosemid, wanda aka fi sani da Lasilix, da hidrokulorotiyazid, wato Esidrex, da isfironolakton, wato Aldactone. Aikinsu shi ne su sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwan da suka yi yawa a jiki, don a rage wa zuciya kaya. Ƙwayar furosemid takan fara aiki cikin awa ɗaya, aikinta ya ɗauki kamar awa shida. Idan ruwan jiki ya ragu, jiki yakan yi tattalin abin da ya saura, ya rage wanda yake aikawa baki.

Kashi na biyu su ne masu aiki ta ƙwaƙwalwa, kamar kulonidin, wato Catapressan, da metildofa, wato Aldomet, wanda ake yawan ba mata masu ciki. Su waɗannan ba ruwa suke fitarwa ba. Suna kwantar da jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini, amma a garin haka sai su rage saƙon da ke zuwa wa maɓuɓɓugan miyau. Kulonidin ya fi kowane suna a wannan, domin cikin mutum 100 masu shan sa, kimanin 40 sukan yi kukan bushewar baki.

Kashi na uku su ne masu rage saurin bugun zuciya, irin su atenolol da Avlocardyl. Su ma sukan busar da bakin wasu mutane, ko da yake ba kamar na kashi na biyu ba.

Kashi na huɗu su ne irin su kaftofiril, wato Lopril, da danginsa. An fi saninsu da busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, wanda yakan tsananta da dare, wani lokaci kuma su canza ɗanɗanon abinci. Haka nan amlodifin da nifedifin, wato Amlor da Adalate, sukan sa dasashi ya kumbura ga wasu, musamman idan ba a tsabtace baki.

Ba kowa ne abin yake samu ba. Mutum biyu za su sha ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ya yi kuka, ɗaya bai ji kome ba. Amma iyakar yawan magungunan da mutum yake haɗawa, iyakar yadda bakinsa zai iya bushewa. Shi ya sa tsofaffi suka fi shan wahala. Kuma sau da yawa laifin ba na maganin zuciya kaɗai ba ne. Ƙwayoyin mura masu sa barci, da maganin murɗar ciki, da tramol, duk suna busar da baki. Mutum ya sayo su wurin ƴan tallar magani a bakin kasuwa, ya haɗa da na likita, sa'an nan ya ɗora laifi a kan na likitan.

Iskar Yamai da halayenmu

Mu da muke zaune a Sahel muna da ƙarin nauyi wanda mai shan irin wannan magani a bakin teku ba shi da shi. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, har cikin Maris, laimar da ke cikin iskar Yamai takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Leɓe ya tsage, ƙura ta toshe hanci. Wanda hancinsa ya toshe kuwa da baki yake numfashi cikin barci, kuma busasshiyar iskar da ke shiga tana fita duk dare ita ce ke ƙarasa ɗan miyaun da ya rage. A bazara kuma, watan Afrilu da Mayu, zafi yakan kai awo 41 ko ya wuce. Gumi yana ɗiba ta fata, magani yana ɗiba ta ƙoda. Sai mutum ya kwanta ya saita fanka daidai fuskarsa, ko ya kwana cikin ɗaki mai na'urar sanyi, wadda ita ma tsotse laimar iska take yi.

Sai halayenmu. Shayin da ake dafawa a fada bayan isha'i, kofi na ɗaya da na biyu da na uku, yana da ƙarfi, yana hana barci, yana ƙara fitsari, ga shi cike da sukari. Goro da kofi su ma suna hana barci. Sigari tana busar da baki. Tabar da ake tauna da kanwa ta fi muni ga mai ciwon zuciya, domin ban da cutar tabar, kanwa ƴar uwar gishiri ce, sinadarin sodiyom ɗin da ke cikin gishiri yana cikinta. Abincin dare mai gishiri da dunƙulen miya da yawa, ko kilishi da yaji, shi ma yakan tada mutum da ƙishirwa a tsakar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi.

Akwai kuma cututtuka biyu da ke yawan tafiya tare da tansiyo, masu busar da baki da kansu. Na ɗaya ciwon sukari. Duk wanda yake jin ƙishirwa dare da rana, yana yawan fitsari, yana rama, to, ya nemi a auna masa sukari, kada ya ce magani ne. Na biyu shi ne minshari mai tsanani, wanda numfashi yake ɗaukewa cikin barci sa'an nan ya dawo da ƙarfi. Mai wannan hali bai san yana yi ba, wanda suke ɗaki ɗaya shi ya sani. Uwargida, idan kin lura da haka ga maigida, ki faɗa masa, ki kuma faɗa wa likita, domin wannan irin minshari yana hana tansiyo sauka.

Baki ne ya bushe, ko jiki?

Wannan tambaya ita ce gindin maganar. Bushewar baki iri biyu ce, kuma maganinsu ya bambanta.

Iri na farko, bakin ne kawai ya bushe, jiki yana da ruwansa. Mutum yana fitsari kamar yadda ya saba, launinsa bai yi duhu ba. Idan ya miƙe tsaye ba ya jin jiri. Ya kurkure baki ko ya kurɓi ruwa kaɗan sai ya ji sauƙi. Wannan ba abin gaggawa ba ne. A ci gaba da shan magani, a yi dabarun da za mu faɗa, a gaya wa likita ranar komawa.

Iri na biyu, jikin ne gaba ɗaya ya rasa ruwa. Fitsari ya ragu ya yi ja kamar shayi. Idan mutum ya tashi daga zaune ko daga sujada sai ya ga duhu-duhu, jiri ya ɗebe shi. Naman ƙafa yana ɗaurewa, gaba yana faɗuwa, jiki ya mutu. Tsoho kuma yakan rikice, ya riƙa magana ba kan gado. Wannan yakan faru a tsananin bazara, ko idan zawo ko amai ko zazzaɓi ya kama mai shan maganin sa fitsari. To, wannan ba a kwana da shi. A tafi asibiti a ranar, a tafi da dukan kwalayen magani. Likita ne zai ga ko ya rage, ko ya tsayar da wani na ƴan kwanaki, ya kuma auna jini ya ga halin ƙoda. A irin wannan hali kada a sha ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, domin haɗuwarsu da maganin sa fitsari a jikin da ba ruwa tana iya lalata ƙoda.

Akwai wata alama kuma da ba a jira da ita ko awa ɗaya. Idan mai shan kaftofiril ko danginsa ya ga leɓensa ko harshensa ya kumbura farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti, ko tsakar dare ne, domin kumburin yana iya toshe hanyar numfashi. An lura wannan ya fi samun baƙar fata.

Kuskure biyu

Kuskure na farko shi ne na dattijon Bukoki, wato barin magani a ɓoye. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi mako uku yana jin garau, alhali jinin ya koma sama yana cin hanyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kimanin babban mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba su samun maganin da ya ishe su. Wanda Allah ya sa aka gano nasa, har ya sami magani a hannu, bai kamata ya mayar da kansa cikin waɗancan ba. Wasu magungunan ma barinsu farat ɗaya ya fi rashin fara su haɗari. Idan aka yanke kulonidin rana ɗaya, jini yakan yi tsalle ya wuce inda yake da. Idan aka yanke atenolol ko Avlocardyl haka nan, zuciya takan ɗauki gudu, har ciwon ƙirji ya taso. Likita da kansa idan zai raba mutum da su, sannu sannu yake ragewa.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato mutum ya ajiye buta cike a gefen gado yana ɗurawa duk dare. Ga mai tansiyo kawai, wanda zuciyarsa da ƙodarsa suke lafiya, shan ruwa gwargwadon ƙishirwa ba laifi, a bazara ma dole ne. Amma akwai waɗanda zuciyarsu ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Su ruwan da ya yi yawa taruwa yake a ƙafa da ciki da huhu. Wasunsu likita yakan ƙayyade musu ruwa, kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, har da koko da fura da shayi. Wanda aka ƙayyade masa, ya nemi kwalbar lita ɗaya da rabi ya riƙa awo da ita, ya kuma tambayi likita ko adadin zai canza idan zafi ya shigo. Idan akwai sikeli kusa, ya riƙa hawa da safe. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Haka nan idan ya kasa kwanciya sai ya jingina da matasai, ko numfashi yana tada shi da dare, ya koma asibiti.

A nan sai mu yi magana da iyayenmu mata. A ƙasar Hausa da sauran Sahel akwai gajiyar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin jego, kuma tana da yawa a nan fiye da akasarin ƙasashen duniya. Likitoci Davidson da Parry sun yi nazarinta a Zariya, suka buga sakamakon a 1978, suna zargin kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. A 1992 likitoci a Yamai suka nuna cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jininsu. A 2020 kuma wani babban bincike a Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano, ya fi danganta ciwon da rama da hawan jinin ciki, bai sami hujja a kan al'adun jego ba. Amma ko mene ne mafarin ciwon, macen da zuciyarta ta riga ta gaji, aka ɗora ta kan maganin sa fitsari, kunun kanwa ba nata ba ne. Yana ƙara mata ƙishirwa, yana mayar da ruwan da magani ya fitar. Ga ta kuma tana shayarwa, bakinta zai bushe ƙwarai. Kada uwa ko uwar miji ta ce maganin ne yake shanye mata nono, a bari. A je tare da ita wurin likita, a gaya masa tana shayarwa, shi zai faɗi yawan ruwan da za ta sha da maganin da ya dace da ita.

Dabarun da za a yi a gida

Da fari, lokacin shan magani. Maganin sa fitsari da safe ake shan sa. Idan sau biyu ne a yini, na biyun yakan kasance kafin la'asar, don aikinsa ya ƙare kafin barci. Wanda ya saba shan nasa da dare ya tambayi likita ko mai farmasi ko za a iya matso da shi.

Na biyu, a jiƙa baki ba tare da an cika ciki ba. A ajiye ƙaramin kofi a gefen gado. Idan an farka a kurkure baki a zubar, sa'an nan a kurɓi kaɗan, a riƙe shi a baki kafin a haɗiye. Mai firji ya tsotsi ɗan guntun ƙanƙara ta ruwa mai tsabta. A shafa man kaɗanya a leɓe kafin a kwanta.

Na uku, a tada maɓuɓɓugan miyau. Tauna ita ce take tada su. Asuwaki yana yin wannan aiki, ga shi yana wanke haƙori. Cingam marar sukari shi ma yana yi. Amma a guji kwanciya da alewa ko minti a baki. Lemun tsami da tsamiya da bisap suna kawo miyau nan take, gaskiya ne, sai dai tsaminsu yana cin haƙori idan babu miyaun da zai wanke shi, don haka kada a mai da su abin tsotso na dare.

Na huɗu, a gyara ɗaki. A kau da fanka daga fuska. A hunturu a rataya jiƙaƙƙen zane a taga ko kusa da gado, ko a ajiye kwanon ruwa, amma a zubar da shi da safe saboda sauro. A wanke hanci da ruwa mai tsabta kafin barci, a kwanta a gefe, domin kwanciya rigingine tana buɗe baki.

Na biyar, abincin dare. A rage gishiri da dunƙule da yaji. Miyar yauƙi, kamar kuɓewa da lalo, tana sa tuwo ya wuce da sauƙi ga wanda haɗiya take ba shi wuya. A bar shayi da goro tun la'asar. Taba kuwa, ta sha da ta tauna, barinta gaba ɗaya shi ne alheri.

Na shida, tsabtar baki. Bakin da ba miyau haƙoransa da sauri suke ruɓewa, dasashi ya riƙa jini, wani lokaci wani farin abu kamar dusar nono ya fito a harshe. A goge baki safe da dare da buroshi mai taushi da man goge baki mai sinadarin fulorid. Wannan ba kwalliya ba ce. Ƙwayoyin cuta na ruɓaɓɓen haƙori suna iya bin jini su sauka a zuciya, musamman ga wanda ƙofofin zuciyarsa suka riga suka lalace. Idan za a je wurin likitan haƙori, a gaya masa dukan magungunan da ake sha, tun ba mai tsinka jini ba.

Akwai wata gargaɗi ga masu ciwon ƙirji, waɗanda aka ba ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe, irin su tirinitirin. Wannan ƙwaya sai ta narke take aiki, kuma a busasshen baki ba ta narkewa da wuri. A jiƙa baki da kurɓin ruwa tukuna, sa'an nan a sa ta.

Watan azumi

A shekarun 2023 da 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin Maris ko Afrilu, lokacin da iska ta bushe, zafi kuma ya fara. Mai shan maganin zuciya kada ya jira sai an ga wata. Ya je wurin likita tun cikin Sha'aban, a tsara masa lokutan shan magani tsakanin buɗa baki da sahur. Kada ya haɗa na safe da na dare ya haɗiye lokaci ɗaya da ra'ayin kansa. Wasu likita zai ce musu azumi zai cutar da su. Malamanmu sun sha bayyana cewa addini ya yi wa marar lafiya sauƙi, sai a tambaye su hukuncin ramuwa ko ciyarwa.

Abin da za a gaya wa likita

Wasu suna jin nauyin likita, su ce kada ya ga kamar sun raina maganinsa. Ba haka ba ne. Likita ba ya kwana a ɗakinka, abin da ka faɗa masa shi ya sani. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Ka gaya masa ranar da abin ya fara, da ko ya zo daidai da sabon magani. Ka faɗi sau nawa kake farkawa, da yawan ruwan da kake sha. Ka zuba dukan kwalaye a jaka ka kai masa, har da na ƴan talla da saiwoyi da jiƙe-jiƙen gargajiya. Magungunan tansiyo iri-iri ne. Yana iya rage awo, ko ya canza lokaci, ko ya musanya wani da wani. Sau da yawa ma bushewar takan ragu da kanta bayan makonnin farko.

A fara da asibitin unguwa ko na gari mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura mutum gaba. A Yamai akwai Babban Asibitin Ƙasa, da asibitin Amiru Bubakar Jallo na Lamorde a ƙetaren kogin Isa, da babban asibitin ƙwararru da aka ƙaddamar a 2016. Magani kuma a saye shi a farmasi da takardar likita.

Ɗaliban yaƙi da jahilci, ga aikinku. Wanda ya iya karatu a gida shi ne idon tsofaffinsa. Ku karanta musu sunan magani, ku rubuta lokacin shan kowanne a jikin kwalinsa, ku sami ɗan littafi kuna rubuta awon tansiyo da nauyi da kwanan wata. Idan kun ga kwalin baba bai ragu ba alhali wata ya yi nisa, ku tambaye shi dalili cikin ladabi.

Tambayoyin da za a tattauna bayan hira

1. Me ya sa baki ya fi bushewa da dare?
2. Waɗanne alamu ne suke nuna cewa jiki ne ya rasa ruwa, ba baki kaɗai ba?
3. Me ya sa kanwa ba ta dace da mai gajiyar zuciya ba?
4. A garinku ko unguwarku, ina ne wuri mafi kusa da ake auna tansiyo?
5. Idan maƙwabcinka ya ce maka ya bar maganinsa saboda bushewar baki, me za ka ce masa?

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.